Feedly ko Inoreader, wanne ya fi sauƙi?

Jama'a masu tambaya ta wace manhaja za su riƙa tara labarai wuri ɗaya, ni dai Inoreader na zaɓa. Irin waɗannan manhajoji da tsarin RSS suke aiki, abin da RSS ke yi shi ne ka sa adireshin shafi, misali BBC Hausa ko Aminiya ko RFI, duk labarin da suka saki ya faɗo maka a jere, babu wani algoridim da zai zaɓa maka kamar Facebook. Tun da Google ya rufe tasa manhajar, Google Reader, a 2013 mutane suka watse, da yawa suka koma Feedly.

Feedly kam ya fi kyan gani wallahi, kyauta za ka bi shafi 100, shi kuma Inoreader 150 ne amma da ɗan talla. Abin da ya ja ni shi ne haɗin na'urori, in hau keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci ina karanta kanun labarai a waya, in isa shago in buɗe kwamfuta in tarar waɗanda na karanta sun dushe, wanda na sa wa tauraro kuma yana nan yana jirana, to shi kenan fa. Feedly ma yana yin haka, sai dai ka tabbata akawun ɗaya ka shiga a duka biyun.

Masu iPhone da Mac ku duba NetNewsWire, kyauta ce, ta iCloud take haɗawa, amma babu ta a Android. In za ka sauya manhaja, ka fitar da fayil ɗin OPML, wato jerin shafukan da kake bi, ka loda a sabuwar, duk shafukanka za su biyo ka.