Hattara da mai tallar amfilifayar mota a Facebook

Jama'ar Kano, musamman masu son a jiyo kiɗan motarsu tun daga nesa, ku yi hattara. Akwai wani da ke tallar amfilifaya mai canel huɗu, wato hanyoyi huɗu na jona sifika, a Facebook da WhatsApp, wai 'yar Beljiyam ce, an rubuta wat 3000 ɓaro-ɓaro a jikinta tare da tambarin babban kamfani. Ba shi da shago. Sai ya ce a haɗu a bakin titi, ya miƙo kwali, a tura masa kuɗi. Haka ya yi wa ƙanena, wanda araha ta ruɗa.

Da muka kai ta wajen mai rewayarmu a Ƙofar Ruwa, ko sukurdireba bai ɗauka ba. Juya ta kawai ya yi, ya zaro fis ɗin, ya ce, "Alhaji, wannan ai ta tona wa kanta asiri." Fis ɗaya ne, mai amfiya 25. Lantarkin mota idan inji na aiki wajen bolt 14 ne. Ninka 25 sau 14, ka sami wat 350. Iyakar abin da za ta iya ja ke nan kafin fis ya ƙone, kuma wani kaso mai yawa zafi zai zama, ba sauti ba. To ina 3000 ta fito? Ya ce lambar da ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai ba yankewa, a kowane canel a kan sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki), kuma masu canel huɗu na gaske galibi tsakanin wat 50 zuwa 100 suke bayarwa. Babbar lambar kan kwali ado ce kawai.

Sai da ya buɗe ta muka ga sauran ta'asar. Nauyin da ƙanena ke ta yabawa, wai alamar inganci ce, ashe guntun ƙarfe aka manna a ciki da gam. Canel biyu na baya kuwa daga na gaba aka yi musu jone.

Kafin ka biya, a haɗa ta da batir da sifika a gabanka, a gwada kowane canel shi kaɗai, a bar ta tana kiɗa ta ɗau zafi. Ka tafi da mai rewayarka, ka kuma karɓi rasit mai adireshin shago. In mai kaya ya ce yana sauri, ƙyale shi ya wuce.

Mun kira lambar mai tallar nan da yamma, a kashe. Washegari muka ga hoton amfilifayar nan a wani sabon shafi, da wani sunan daban.