Birkin hannu ya daina kamawa a Hilux ko Prado: me ya kamata ka saya?

Duk mai Hilux ko Prado a Katsina da ya fara yawo da dutsen weji a bayan mota ya san inda labarin ya dosa. Ka ja birkin hannu har ya kusa taɓa rufi, motar kuma ta ci gaba da silalewa. Zaɓin da za a shimfiɗa maka a gareji bai wuce huɗu ba, kuma na gwada uku a jikin aljihuna.

Ɗaure notin da ke gindin hannun birki shi ne mafi araha, kuma yaudarar kai ce, kwana kaɗan ka dawo. Sabuwar wayar birkin hannu ba ta da amfani sai in tsohuwar ta yi tsatsa ta daina zamewa cikin rigarta, ko zarenta ya fara tsinkewa. Shu ɗin Beljiyam kuwa (shu shi ne ƙarfen nan mai fata da ke matse diram daga ciki ya tsayar da taya), wani ya riga ya cinye maka rabinsa a Turai.

Ni dai abin da nake ba kowa shawara shi ne a buɗe tayar baya kafin a sayi ko allura, sannan a sa sabon shu na asali tare da sifirin ɗinsa. A yawancin Hilux, birkin baya diram ne, kuma shu ɗin da ƙafa ke takawa shi ne hannu ke ja. A yawancin Prado da manyan Land Cruiser, bayan faifai ne, amma akwai ɗan ƙaramin diram a cikinsa mai shu nasa daban, na birkin hannu kaɗai. Shi ya sa za ka ga birkin ƙafa garau, na hannu kuma babu. Idan aka buɗe, abu uku ake dubawa: kaurin fatar shu, wanda bai kamata ya sauka ƙasa da milimita 1 ba, yashi da laka, da mu masu tsallaka rafi da damina ba ma rabuwa da su, sai mai. In ka ga shu ya yi baƙi yana sheƙi, galibi sil ɗin aksul ne, wato robar da ke tare mai, ya saki, man giya ya jiƙa shi. Wankin fetur ba ya fitar da wannan, kuma ko ka sa sabon shu, in ba a canza sil ba, asara ce.

Saiti ma daga taya ake fara shi. A Prado, bakanike zai sassauta waya, ya zura sukudireba ta ramin faifai ya juya ɗan haƙorin saiti har faifan ya ƙi motsi, sannan ya mayar baya kamar haƙora 8. Sai bayan nan a taɓa notin cikin mota. Hannun ya kama bayan adadin ƙas-ƙas ɗin da littafin motarka ya ce. Wanda ya fara da noti bai cire taya ba, ka ɗauki makullinka.

To, a wajen sayen shu ɗin ne na ƙone. Wata rana mai wani shago ya miƙo min kwali ja da fari, tambarin Toyota raɗau a jiki. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah orijina ne?" Ya ce, "Haba Alhaji, ni zan cuce ka?" Kuɗin bai kai rabin na wani shagon da na taya ba, ni kuma na ɗauka na yi wayo. Ba a yi wata biyu ba, ina hanyar Daura da buhunan taki, sai tayar baya ta hagu ta fara ƙara tana wari. Da aka buɗe, fatar ta ɓamɓare daga ƙarfen gaba ɗaya, ta naɗe a cikin diram kamar ɓawon rogo. Gam ɗin da aka manna ta da shi, da farce na kankare shi. Diram ɗin ma ya karce, sai da na sayi sabo.

Tun daga nan ban yarda da kwali ba, don jabun ma kwalinsa ya fi kyau. Ka tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a nemo maka lambar kayan da ta dace. Lambar kayan Toyota guda 10 ce, kuma ta saitin shu ɗin diram na Hilux tana farawa da 04495. Ka ɗauki tsohon naka ka jera su, ka ga ko ramukan sifirin sun zo daidai. Ka auna nauyinsu a hannu, jabu yakan yi shafal, ƙarfensa siriri, waldarsa kaca-kaca. Ka dubi gefen fatar, in gam ya tsiyayo ko akwai ɗan rata tsakaninta da ƙarfe, ajiye masa kayansa. Akwai kuma masu tattara tsohon ƙarfe su manna sabuwar fata, su fesa baƙin fenti su sa a leda. Ka karce fentin da makulli, tsatsa na ƙarƙashi. Wani kuma zai nuna maka na gaske a kan kanta, yaronsa ya ɗauko wani daga ciki. Abin da ka riƙe a hannunka shi za ka biya, kada ka bari a ce bari a canza maka kwali. Ka kuma tsaya a gareji ka ga an ɗaura shi, a ba ka tsohon.

In na Toyota ya fi ƙarfin aljihu, Advics da Akebono kamfanonin Japan ne da ke yi wa masu ƙera motoci birki, ba laifi, sai dai su ma ana buga jabunsu.

Bayan an gama, sabon shu na Prado yana son a zaunar da shi: a titi mara cunkoso, ka yi tafiya a hankali kamar mita 400 da hannun a ɗan ɗage, ka bari ya huce, ka maimaita sau 2. Sannan ka nemi gangare, ka sa giya a firi, ka ja hannun ka ɗaga ƙafa, bakanike na zaune a gefenka, kafin ka cika masa kuɗinsa.