Gashin Ƙashin Yara ta Waya da Na Asibiti: Ina Bambancin Yake?

Hajiya, kin tambaya ko atisayen da ake koya wa iyaye ta kiran bidiyo zai iya maye gurbin zuwa sashen gashin ƙashi, ganin cewa ɗanki ya shekara biyu bai iya zama da kansa ba sakamakon ciwon shawarar da ya yi yana jariri, kuma daga Daura zuwa Katsina tafiya ce ta kusan kilomita 80.

Larura ce ta yaɗa wannan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, kuma a watan Afrilu gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe Daura, garin da aka fara samun cutar a jiharmu. Kulle bai hana jijiyar yaro ci gaba da ƙagewa ba, saboda haka masu gashin ƙashi a ƙasashe da dama suka koma bibiyar yara ta waya.

Abin da asibiti ya fi waya da shi shi ne hannu. Mai gashi yakan riƙe ƙafar yaro ya lanƙwasa ta, ya ji a tafinsa inda taurin ya fara da inda ya kamata ya dakata, kuma babu kyamarar da ke isar da wannan. Haka nan yaron da aka haifa da karkatacciyar ƙafa, wanda ake sauya wa filasta duk mako bisa tsarin Ponseti, ko wanda za a auna wa takalmi na musamman, ba shi da makawa sai an kai shi.

Ita kuwa waya tana da wata falala da ban ga ana yawan ambatonta ba. A asibiti uwa takan zauna gefe tana kallo, a yi wa yaro minti 30 ko 40 a kan katifa da babbar ƙwallon roba, sannan ta koma gidan da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya. A kiran bidiyo kuwa ita ce mai aikin. Za ta jingina wayar a jikin turmi, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi saboda haske, mai gashi ya ce ta naɗe zani ta sa a ƙarƙashin ƙirjin yaro yana rub da ciki don ya riƙa ɗaga wuya, ko ta zaunar da shi cikin baho ta tokare shi da matashi. Yana kallon hannunta yana gyara mata riƙo. Tun da maimaici kullum ne ke kawo ci gaba a irin wannan larura, uwar da ta ƙware ta fi ziyarar wata-wata amfani, a ganina.

Matsalar sabis da kuɗin data gaskiya ce, sai dai tana da sauƙin magancewa: gajeren bidiyo na minti biyu da za ki tura ta WhatsApp yakan fi kiran da ke yankewa, domin mai gashi zai iya maimaita kallonsa.

Shawarata ita ce ki fara kai shi a duba shi ido da ido, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko wani wurin da ke da ƙwararren mai gashi, a tsara masa atisayen da ya dace da jikinsa, sannan ki nemi a ci gaba da bibiya ta waya tsakanin ziyara da ziyara idan suna yin hakan. Kada ki ɗauki atisayen wani yaro daga intanet, kuma kada ki miƙar da gaɓa da ƙarfi idan ta cije. Idan ya fara jijjiga, ko yana yawan ƙwarewa lokacin cin abinci, ko kika lura ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, to a bar batun waya a kai shi asibiti.