Rust da C: wa zai ture wa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Rust zai iya kawar da C da C++ daga fagen yarukan rubuta manhajar kwamfuta, har kana tunanin ko koyon C yanzu ɓata lokaci ne. A ganina, wajen rubuta sabuwar manhaja Rust na cin kasuwa, kuma ya cancanci hakan. Amma abin da aka riga aka rubuta da C yana nan daram, ba yau ba, ba gobe ba.

Tazarar shekarunsu babba ce. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs wajen 1972, a 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da shi. Bjarne Stroustrup ya fara aikin C++ a 1979. Rust kuwa, wanda Graydon Hoare ya soma, Mozilla ta ɗauki nauyinsa, sai a Mayun 2015 sigarsa ta 1.0 ta fito. Wajen gudu babu wani bambancin a zo a gani, domin dukansu kai tsaye ake juya su zuwa yaren inji, kuma babu mai share memori a bayan fage kamar yadda yake a Java ko Go.

A kan memori suka raba gari. C ya ɗauka ka san abin da kake yi. Ka nemi wuri a memori da umarnin malloc, ka mayar da shi da umarnin free, in ka sake taɓa wurin bayan ka mayar ba zai ce maka uffan ba. Ka ware gurbi goma ka je karanta na goma sha ɗaya, zai miƙo maka duk abin da ya tarar a can. Abin da ya faru ke nan a Heartbleed, ramin tsaron da aka gano a 2014 a OpenSSL, manhajar da ke sirranta saƙonni a intanet: mutum zai aika wa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, ɗan gajeren saƙo, ya yi ƙaryar cewa dogo ne, ya ce a maimaita masa. Sabar ba ta duba tsawon ba, sai ta kwaso masa har kilobait 64 na abin da ke kusa a memori, wani lokaci har da kalmomin sirrin jama'a. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ramukan tsaron da take toshewa duk shekara irin wannan matsalar memori ce, masu Chrome ma suka faɗi adadi makamancin haka.

Rust ya kafa doka tun kafin manhaja ta tashi. Kowane abu a memori yana da mai shi guda ɗaya. Za ka iya ara wa da yawa su duba, ko ka ara wa guda ya gyara, amma ba za a haɗa biyun lokaci ɗaya ba. In ka karya dokar, kwampaila, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa yaren inji, ta ƙi haɗa aikin, ta nuna maka layin da ka yi kuskure. Mai koyo kan sha wahala da wannan a farko, har ya ji kamar da gangan ake ja masa rai. Haɗa babban aiki ma yakan ɗauki lokaci fiye da na C. Sannan kada a ruɗe ka: Rust ba ya hana kuskuren lissafi ko na tunani, kuma akwai kalmar unsafe da ake buɗe ƙofa da ita idan za a taɓa inji kai tsaye. Amfaninta shi ne mai bincike ya san inda zai sa ido.

To me ya hana a kwashe komai a sake rubutawa? Yawa, da farko. Zuciyar Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, ita kaɗai ta haura layi miliyan 30, kusan duk C ne. SQLite, ma'ajiyar bayanan da ke cikin kowace wayar zamani, C ne, babbar manhajar da ke gudanar da yaren Python ma C ce. Kusan duk ƙaramin guntun lantarki da aka ƙera, na mota ne ko na injin asibiti, yana zuwa da kwampailar C, alhali Rust bai kai ga wasunsu ba. Kuma idan yaruka biyu za su yi magana da juna, galibi ta ƙofar C suke bi, har shi Rust ɗin. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsohon kod, wato rubutun manhaja, ba tsufa kawai ya tara ba, ya tara gyare-gyaren shekaru. Mai sake rubutawa daga tushe yakan zubar da su, ya dawo da kurakuran da aka binne tuntuni.

Darasin Android ya fi burge ni a nan. Google ta ce a 2019 matsalolin memori su ne kashi 76 na ramukan tsaron Android, zuwa 2024 suka sauko kashi 24. Ba su rushe tsohon ginin ba. Sun lura cewa yawancin ramuka a sabon kod suke, sai suka mayar da sabon rubutu zuwa Rust da Kotlin da makamantansu, suka bar tsohon ana ta gyara shi. Linux ma haka ta bi: a Disambar 2022, a siga ta 6.1, ta buɗe wa Rust ƙofa, musamman don direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura, ko da yake an sha cacar baki tsakanin masu kula da sassanta.

Akwai inda sabon yare ya ture tsoho da gaske. Apple ta fito da Swift a 2014, yau da wuya ka ga mai fara sabuwar manhajar iPhone da Objective-C. Google ta karɓi Kotlin a 2017, a 2019 ta fifita shi a kan Java wajen Android. Dubi abin da ya haɗa su: akwai mai gida guda da ya ce ga hanya, kuma sabon da tsohon suna zama cikin aiki ɗaya ba tare da rikici ba. C ba shi da mai gidan da zai ba da wannan umarni. Gwamnatin Amurka ta yi kira a Fabrairun 2024 a koma ga yarukan da ke kare memori, amma kira ne, ba doka ba. Haɗa Rust da C yana yiwuwa, haɗa shi da babban aikin C++ kuwa jan aiki ne. Tsohon yare ba ya saurin mutuwa: ka tuna yaren COBOL na 1959 ne, amma a 2020 sai da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana neman waɗanda suka iya shi, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya cushe.

Game da kai, in sabon abu za ka gina wanda zai riƙa karɓar bayanai daga intanet, ɗauki Rust. In ƙananan na'urori ne ko aiki a kan tsohon tsari, babu makawa sai C. In kuma koyo ne zalla, ni da C zan sa ka fara, ka yi 'yan watanni kana malloc da free da hannunka har manhajarka ta faɗi babu dalilin da kake gani. Bayan nan dokokin aron Rust za su shiga kanka da wuri.