Sharhi kan wani kamfanin ziyarar ibada a Sabon Gari

A Sabon Gari da ke Kano akwai wani ƙaramin kamfani mai shirya wa Kiristoci ziyarar ibada zuwa Ƙasa Mai Tsarki, kuma aikinsa ya gamsar da ni. Biza ta fito a kan lokaci, masaukinmu na Baitalami kuma tsaf yake, sai dai abincin ba ya da yaji. Abin yabo shi ne yini guda da suka ware wa Nazarat, a babban cocin da aka keɓe a 1969 don tunawa da yadda Maryamu ta amsa kiran Allah ta bakin mala'ika Jibra'ilu. A nan jagoran bai gaggauta kowa ba, ya bar matasa masu tunanin zama firist suka zauna da Fada suna tambayoyi. Kuɗin dai da tsada, kuma ba a biya kashi-kashi.