Wikipedia ta Hausa da Matsalar Takwarori: Sanusi Biyu, 'Yar'aduwa Uku

Ga mai neman tarihin manyan mutanenmu, Wikipedia ta Hausa kyauta ce kuma tana buɗewa da sauri ko a ƙaramar waya. Inda take gwada haƙurin mai karatu shi ne wurin takwarori, domin sunayenmu suna maimaituwa daga kaka zuwa jika.

A ɗauki Muhammadu Sanusi. Na farko Sarkin Kano ne da ya bar gadon sarauta a 1963 ya koma Azare. Na biyu jikansa ne, Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014, wanda ya hau sarauta a 2014, aka tuɓe shi a Maris 2020 aka kai shi Awe. Suna ɗaya, gari ɗaya, kuma kowannensu ya rabu da karaga. Wanda ya karanta jimlar farko kawai zai iya ɗora wa jika abin da ya faru da kaka.

Gidan 'Yar'aduwa ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai Musa, uban, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Akwai Shehu, janar ɗin soja da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Sai Umaru, shugaban ƙasa daga 2007 har rasuwarsa a 2010. Sarauta ma ba ta raba gardama a nan, don Umaru ya riƙe Matawallen Katsina da mahaifinsa ya riƙe. Shehu shi ne Tafida.

Babbar matsalar rubutun suna ce. Muhammadu, Muhammad da Mohammed kalmomi uku ne a wurin akwatin bincike, haka ma 'Yar'aduwa da Yar'Adua. Shafuka da yawa fassara ce daga Turanci, sai sunan ya zo da rubutun can. Idan ba a samu mutum ba, a gwada rubutun biyu kafin a yanke cewa babu shi.

Dabarar da ke aiki ita ce a haɗa suna da muƙami ko gari, sannan a fara duba shekarar haihuwa da ta rasuwa kafin komai. In shakka ta rage, a bi mahaɗin Wikidata na shafin, wato rumbun bayanan da ke haɗe da Wikipedia: kowane mutum yana da lambarsa da ke farawa da harafin Q, kuma takwarori ba sa tarayya a lamba. Sashen tarihin shafi kuma yana nuna wanda ya sauya shekara da ranar da ya sauya ta.

Don gane wane ne wane cikin minti biyu, Wikipedia ta Hausa tana biyan buƙata. Ɗalibi ko ɗan jarida da zai buga shekara, ya tabbatar da ita a wani littafin tukuna.