Ɗanyar kawa da abin sha mai kumfa a bikin Naizna

Tun muna hanya Likita yake tsokanata. "Malam, kai da ko kifin gwangwani sai an sake soya maka, kai ne za ka haɗiye abu da ransa?" Na ce masa ya bari mu isa tukuna. Uwargida tana kujerar baya ba ta ce uffan ba, amma na hango ta a madubi tana ƙara cusa robar yajinta cikin jaka.

Likita ɗan Jos ne, Kirista, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Fagge, ya daɗe yana aiki a wani asibiti a nan Afirka ta Kudu. Shi ya dage sai mun je bikin kawa na garin Knysna, wanda a baki ake kira Naizna. Kawa fa, ba ƙawa ba, don da na faɗa wa ƙanwata a waya sai ta ce wace ƙawar kuma na samo har da yi mata biki. Halittar teku ce da ke zaune tsakanin ɓawo biyu masu taurin dutse, dangin waccan da yara ke tsintar ɓawonta a yashin kogunanmu. Daga Kef Tawun tafiyar ta kai kusan kilomita 490 a kan titin N2. Ana haura dutse a faɗa gonakin tuffa na Elgin, inda aka fara yin Appletiser, lemon tuffa mai gas, a 1966, sannan a miƙa ta Swellendam da Mossel Bay da George. A wani gidan mai na sayi kwalaben Appletiser ɗin guda huɗu, ina ganin na gama shirina. Ashe shirme na shirya.

An fara bikin a 1983, kuma ana yin sa ne a tsakiyar hunturunsu, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa kasuwar gari ta kwanta. Sanyin can ba irin namu na ƙura da tsagewar leɓe ba ne, jiƙaƙƙen sanyi ne mai ratsa ƙashi. Amma kawa tana son sa. In ruwa ya yi ɗumi sai ta shiga hayayyafa, namanta ya yi laushi ya zama kamar madara. A sanyi ne take cika ta yi tsauri. Bikin ba a fili guda yake ba. Akwai masu gudun famfalaƙi cikin daji, akwai 'yan tseren keke, gidajen abinci kuma kowa da irin tasa kawar. Mu dai bakin ruwa muka nufa, inda ake hango wasu duwatsu biyu da teku ke kutsowa ta tsakaninsu ya cika tafkin garin.

A nan aka fara samun saɓani. Rumfar da Likita ya kai mu ta masu haɗa kawa da giyar inabi mai kumfa ce, kowane teburi da dogayen kofuna jere. Uwargida ta tsaya cak. "Abban yara, ni fa ba zan zauna a teburin nan ba." Gaskiyarta, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Muka karɓi tirenmu muka koma wani benci a waje, iska na kaɗa mu, Likita ya zama ɗan aike: ya shiga ya kurɓa, ya fito ya ba da rahoto. Saboda haka duk abin da zan faɗa kan giyar, daga bakinsa ne da bakin dattijon da ke zuba ta. Abin da ya shiga bakina kuwa, ni ne shaida.

Matar da ke buɗe kawar ita ta fi burge ni a duk tafiyar. Guntuwar wuƙa ce a hannunta, ɗaya hannun cikin safar ƙarfe. Ta soka bakin wuƙar a gindin ɓawon, ta murɗa, ka ji ƙas, ta zare ta yanke jijiyar da ke riƙe da murfin, ta ajiye a kan ƙanƙara ba tare da ruwan ciki ya zube ba. Duk wadda ta tarar bakinta a buɗe, in ta ƙwanƙwasa ba ta rufe ba, sai kwandon shara, don ta mutu ke nan. Iri biyu ta ba mu. Akwai ta kiwo, wadda asalinta daga Japan ne, mai zurfin ɓawo kamar ƙaramin ludayi. Akwai ta daji, wadda masu lasisi ke ɓamɓarowa daga duwatsun gaɓa in teku ya janye, ɓawonta a karkace, babu biyu masu kama ɗaya. A bakinta na ji abin da ya ba ni dariya: duk da sunan da garin ya yi, kuma tun ƙarshen shekarun 1940 aka fara kiwon kawa a tafkinsa, yanzu yawancin ta kiwon daga Saldanha da gaɓar Algoa ake kawo ta. Kamar dai ka je garin da ya yi suna da kilishi ka tarar daga maƙwabta ake saro shi.

Ta farko na ci ta haka nan, ba lemon tsami ba komai. Ba zan yi ƙarya ba, sai da na runtse ido. Abin da ya fara dukan harshena ruwan gishiri ne mai sanyi, sai santsi, irin na miyar kuɓewa ɗanya amma ba ya jan zare. Na so in haɗiye da sauri, Likita ya ce, "Tauna, Malam, sau biyu ko uku, kuɗi ka biya." Da na tauna sai wani ɗan zaƙi ya fito, da ƙamshi kamar na kokwamba, daga ƙarshe kuma wani ɗanɗano kamar ka lashi tsabar kuɗi. Ƙarnin da nake tsoro babu shi. Ta dajin ta fi tauri, ta fi gishiri, ta fi daɗewa a baki. Ta kiwon ta fi maiƙo da sauƙin shiga. In mutum bai taɓa ci ba, da ita ya kamata ya fara, kuma ya zaɓi ƙanana.

Matsalar tana zuwa ne a ta uku. Gishirin da santsin suna taruwa su yi wa harshe shimfiɗa, har ka daina bambanta wannan da waccan. A nan ne abin sha yake da aiki. Na buɗe ruwan tuffana da alfahari, na kora. Subhanallahi. Ka taɓa shan shayi mai sukari a kan miyar kifi? To haka. Zaƙin ya danne komai, ɗanɗanon ƙarfen nan ya taso ya yi ɗaci, ƙarnin da ban ji ba da farko ya bayyana. Lemon ba shi da laifi, har gobe shi nake sha da gasasshen nama. Ni ne na kai shi inda ba a gayyace shi ba. Na gwada ruwan farin inabi mai gas, wanda ba a tsima ba, abin ya ma fi muni don ya fi zaƙi.

Likita ya koma ciki ya ba dattijon labari, sai ga shi ya fito da kansa yana dariya, riƙe da kwalbar ruwa mai gas da yankakken lemon tsami, irin babban nan ruwan ɗorawa. Ya ce lissafin ba wuya. Ruwan tuffa yana ɗauke da sukari wajen gram 100 a kowace lita, ita kuwa giyar da ake haɗawa da kawa, wadda suke kira brut, a ƙa'idar Turai ba ta wuce gram 12. Abin da ake nema a jikinta tsami ne da sanyi da kumfa. Tsamin ya yanke maiƙon, kumfar ta kankare harshe, sai kawa ta gaba ta same ka kamar yanzu ka fara. Tasu ta nan ƙasar Cap Classique ake ce mata, don sunan shamfen na wadda ake yi a wani yanki na Faransa ne kaɗai, amma hanyar yin ɗaya ce: a sake tsima ta cikin kwalba a rufe, iskar ta rasa mafita ta narke a ciki, har ƙarfinta ya ninka na tayar mota. Gidan Simonsig da ke Stellenbosch ne ya fara yin ta a 1971.

Na matse lemon sosai cikin ruwan, na ɗiga kaɗan a kan kawar, na ci, na kora. Nan take na gane abin da ake ta yi wa surutu. Bakina ya wanke tas, gishirin ya koma daɗi, na ci shida a jere ban ji gundura ba. Ruwan da ya fi kowane abin sha araha a wurin shi ya fitar da ni kunya. Abu ɗaya zan ce: a nemi mai ƙananan kumfa, don akwai wani mai ƙarfin gas da na gwada washegari, ya riƙa yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro har na kasa jin kawar.

Sai dai Likita bai yarda mun yi kunnen doki ba, kuma ina ganin yana da hujja. Ya ce a tasa akwai wani garɗi kamar na ɓawon burodi wanda ke haɗuwa da kawar ya ƙara mata nauyi. Dalili shi ne giyar tana kwana a kan mataccen yis aƙalla shekara guda, yis ɗin yana sakar mata sinadarin gulutamet, kawa kuma tana da wasu sinadaran da in suka gamu da shi ɗanɗanon yake ninkuwa. Masu bincike a Jami'ar Kofanhegan sun auna wannan sun wallafa a 2020. Uwargida, wadda tun ɗazu take kallonmu kamar mahaukata, ta ce, "Wannan ai daddawa da busasshen kifi ne. Sai an je jami'a?" Kuma daidai ta faɗa, don gulutamet ɗin ne a daddawa, abokin haɗin nasa kuma a kifi. Wannan kashin ruwa da lemon tsami ba za su ba ka shi ba. Na haƙura da shi, ban kuma ji an cuce ni ba.

Akwai kwalaben da aka rubuta an cire musu barasa, ana sayar da su a wurin. Na karanta bayan ɗaya na ga giya aka fara yi sannan aka zare, kuma akan bar ɗan burbushi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Na mayar. Wanda malaminsa ya ba shi fatawa shi ya sani. Ita kanta kawar ba ta dame ni ba, tunda a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, haka ma wajen Shafi'awan Kef Tawun. Amma wani abokin aikina Bahanafe, ɗan asalin Indiya, da ya ji labari sai ya yamutsa fuska, don su kifi kaɗai suka yarda da shi. Inda ya kamata a buɗe ido shi ne wajen dafaffiyar: wasu da naman alade suke gasa ta, wasu su zuba giya a romon. Sai an tambaya, kuma ba sa jin haushin tambayar.

Uwargida ba ta ci ɗanya ba har muka dawo. Gasasshiya aka kawo mata, da man shanu da tafarnuwa, ta zaro robarta ta barbaɗa. Na ɗanɗana, na kuma roƙi ta biyu. Yajin ƙuli a kan gasasshiyar kawa abu ne da ya kamata mutanen garin su sani. Da na yi karambanin zuba shi a kan ɗanya kuwa, sai ya jiƙe ya zama kamar kwaɓin ƙasa, na yi asarar guda.

Inda raina ya ɓaci shi ne rana ta biyu, a wata rumfar dabam da muka bi saboda layinta gajere ne. Ashe da dalili. Sun buɗe kawar tun da wuri sun jera, ruwan cikin ya tsiyaye, gefen naman ya fara bushewa, ƙanƙarar ta narke suna iyo a ciki. A ta biyu na tauna ɓarɓashin ɓawo har sai da haƙorina ya amsa. Kuɗin kuwa ɗaya ne da na jiya, kuma ba kaɗan ba, don abin da muka biya na dozin guda zai ciyar da mu biyu shinkafa da kaza. Likita ya sa hannu ya janye tiren. Ya ce kawa tace ruwa take yi dare da rana, duk abin da ke cikin ruwan yana iya zama a cikinta, shi ya sa ba a wasa da wadda ta daɗe a buɗe ko ta rabu da sanyi. Mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ya ce ko mai kyan ce kada su ci sai dafaffiya. Muka koma wajen matar jiya muka bi dogon layi, kusan rabin awa a tsaye cikin yayyafi.

Da za mu taho na sayi dozin biyu a rufe, ta nuna mini yadda zan jera su, zurfin ɓawon yana ƙasa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul, kada a nutsa su cikin ruwan famfo don kashe su yake yi. Na sayi wuƙar ma. A gida na jiƙa tsamiyar da aka aiko mana daga Kano, na tace, ban sa sukari ba, na tsinka ta da ruwa mai gas mai sanyi. Ta fi lemon tsami kauri, kuma tana da ɗan baurin da ya tafi da ta dajin fiye da ta kiwon. Sai dai in ta yi yawa tana rufe kawar, cokali biyu a kofi ya isa. Buɗewar ce ta ba ni wuya. Abin da matar nan ke yi kafin ka ƙifta ido ya ɗauke ni minti biyar a kan guda ɗaya, kuma a ta huɗu wuƙar ta zame ta sami tafin hannuna. Likita ne ya zo ya ɗaure, ya cinye sauran kafin ya tafi.